Hoto da Rubutu a Majigin Yaƙin Somme na 1916

Ran 21 ga watan Agusta 1916 gidajen silima 34 na birnin Landan suka fara nuna wani majigi marar murya mai suna The Battle of the Somme, watau Yaƙin Somme. Sati na zagayowa aka bazu da shi sauran biranen ƙasar. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa cikin sati 6 na farko an sayar da tikiti wajen miliyan 20, a ƙasar da jama'arta duka ba su kai miliyan 50 ba a wannan zamani. Har Sarki Joji na Biyar ya sa aka kai masa shi fadarsa ta Windsor ya kalla. Yaƙin da majigin ke nunawa kuwa bai ƙare ba tukuna, gama sai ran 18 ga Nuwamba aka tsai da shi. Watau matan da suka cika kujerun silima suna kallon filin da mazansu da 'ya'yansu ke kwance a ramukansa a wannan dare.

Yau in an ambaci wannan majigi, galibi magana ɗaya a ke fara yi, cewa wurin da ya fi shahara a cikinsa, inda sojoji ke hawowa daga rami suna faɗuwa, shiri ne, ba a fagen fama aka ɗauka ba. Gaskiya ne, shiri ne. Amma wanda ya tsaya nan ya ɗauka ya gama bincike, ya yanke hukunci ke nan bisa abin da bai kai minti ɗaya ba, ya bar sa'a guda da 'yan mintoci ba a duba ba. Ɓad da mai kallo da majigin ya yi tana can wani wuri dabam, inda ido bai cika tsayawa ba, watau cikin rubutun da a ke sakawa tsakanin hoto da hoto, da kuma yadda aka jera hotunan.

Da farkon yaƙi Ofishin Yaƙi na Ingila, ƙarƙashin Lord Kitchener, ba ya son ganin ɗan jarida ko mai ɗaukar hoto kusa da bakin daga. Sai cikin Nuwamba 1915 aka yarda mutum biyu su tafi Faransa da izinin hukuma, bisa yarjejeniya da wani kwamiti na kamfanonin majigi. Ɗayansu shi ne Geoffrey Malins. Abokin tafiyarsa ya yi rashin lafiya ya koma gida, aka aika da John McDowell ya maye gurbinsa cikin Yuni 1916, a na sauran kwanaki kaɗan a fara kai hari. Su biyun nan suka ɗauki hotunan majigin tsakanin ƙarshen Yuni da farkon Yuli. Ba da niyyar yin dogon majigi aka aike su ba. Gajerun labarai a ke so, sai da aka ga abin da suka kawo Landan sa'an nan aka shawarta a haɗa shi wuri ɗaya, kashi 5. Malins ya wallafa littafi a 1920 kan aikinsa na yaƙi, ya cika shi da yabon kansa, bai ko ambaci sunan McDowell ba, shi ya sa masana ke karanta shi da taka tsantsan.

Kafin a zargi mutanen nan biyu, ya kamata a san irin kayan aikin da ke hannunsu. Akwati ne mai nauyi bisa ƙafafu uku, a na juya marfinsa da hannu, kuma dole hannun ya riƙa tafiya daidai ko da ƙasa na girgiza. Ba ya ɗauka da dare, ba ya jawo abu mai nisa kusa yadda na yanzu ke yi, kuma duk wanda ya ɗaga shi bisa bakin rami ya zama abin bara ga maharban Jamus. Saboda haka abin da ya ke iya kamawa shi ne abin da ke bayan daga: sojoji na maci, tarin harsasan igwa, manyan igogi na aman wuta, dawaki, masu rauni, kamammu, gawawwaki bayan ƙura ta lafa. Faɗan kansa, wanda dominsa jama'a za su biya kuɗi, shi ne abu ɗaya da akwatin bai iya gani. Majigin yana da safiya, yana da maraice, tsakiyarsa kuwa rami ne.

Wannan rami aka cike da ɗan guntun nan na shiri. A na ganin sojoji sun jeru a wani rami marar zurfi, hafsa ya yi gaba, suka hau suka bi shi, wasu suka zame suka koma ciki. Sa'an nan a gan su suna ƙetare waya mai ƙaya cikin hayaƙi, wasu kuma suka faɗi. Alamun shiri a fili su ke ga wanda ya kalla a tsanake. Ramin ba shi da katako ko buhunan yashi irin na bakin daga, sojojin ba su ɗauke da kaya masu nauyi da mayaƙan ranar suka ɗauka, akwatin hoto yana tsaye a sarari inda mai shi ba zai yi minti ɗaya da rai ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ya gyara kwanciya ya waiwayo. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a wata makarantar koyon harba ƙananan igogi aka ɗauka, can bayan daga kusa da garin St Pol. Roger Smither, na Gidan Tarihin Yaƙi da ke Landan, ya bi majigin daki daki, ya iske abin da za a kira shiri a cikinsa duka bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba.

Abin mamaki a nan, wanda masu saurin hukunci kan tsallake, shi ne abin da aka zaɓa a shirya. Hukuma ce ta ƙago hoton mutuwar sojojinta, ta nuna wa iyayensu. Mai farfaganda na al'ada nasara ya kan ƙaga, ko muguntar abokin gaba. Ga shi kuwa a cikin majigin nan akwai hoton harin na ainihi, wanda Malins ya ɗauka daga nesa da safiyar 1 ga Yuli: wasu 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe na tafiya a gefen tudu, in an zura ido sosai a ga wasunsu sun tsaya ba su sake motsi ba. Waɗannan mutane ne na gaske su ke mutuwa, amma da wuya mai kallo ya lura da su in ba an nuna masa ba. Na shirin ya firgita gidajen silima, na gasken ya wuce ba wanda ya ce uffan. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to, a nan ganin kansa ne ya rabu biyu, wanda ya fi kama da gaskiya shi ne na ƙarya.

Yanzu sai a duba inda mutanen biyu suka tsaya, domin a nan maganar ta ke. Malins yana arewacin fagen, tare da Runduna ta 29, daura da ƙauyen Beaumont Hamel. McDowell yana kudu, tare da Runduna ta 7, wajen Fricourt da Mametz. Ranar 1 ga Yuli ba iri ɗaya ta zo wa wuraren nan biyu ba. A kudu Ingilishi sun ci Mametz da Montauban a ranar, suka shiga Fricourt kashegari. A arewa kuwa harin ya rushe tun sa'a ta farko, Beaumont Hamel ba ta faɗi ba sai ran 13 ga Nuwamba.

Hoto mafi kwarjini a majigin shi ne tashin nakiyar Hawthorn, wadda aka haƙa rami aka binne ƙarƙashin sansanin Jamus, nauyinta wajen tan 18. Malins ya kama ta da ƙarfe 7.20 na safe, ƙasa ta kumbura kamar tukunya ta tafasa, ta yi sama, ta daɗe kafin ta sauko. Hoton gaskiya ne, babu ko tantama. Abin da mai kallo ba ya ji shi ne an tashi nakiyar minti 10 kafin lokacin hari, watau ƙarfe 7.30, kuma mintocin nan 10 suka zama gargaɗi ga Jamusawa, suka fito daga ramukansu masu zurfi, suka kafa bindigogi masu ruwan harsashi, har suka riga Ingilishi kama gefen ramin nakiyar. A wannan yanki ne bataliyar Newfoundland ta fita da mutum wajen 800, kashegari 68 kaɗai suka amsa kira. Majigin ya nuna nakiya, ya saka guntun nan na shiri, sa'an nan ya zarce da hotunan McDowell na kudu, ga kamammun Jamus a jere, ga ramukansu an ci, ga igoginsu a hannun Ingilishi. Kowane hoto cikin waɗannan sahihi ne. Jerin ne ya ce wa mai kallo nakiyar nan ita ta haifi nasarar nan, alhali tsakaninsu mil da dama ne, kuma inda nakiyar ta tashi babu nasara ko kaɗan.

Rubutun allo shi ke ɗinke wannan ɓaraka. Yana faɗin sunayen bataliyoyi, yana faɗin girman igogi da nauyin harsasansu, yana yabon ruwan wutar da aka yi wa Jamusawa kwana 7 tun daga 24 ga Yuni. Lalle an harba harsashi fiye da miliyan ɗaya da rabi, amma da yawa ba su fashe ba, kuma a wurare da dama ba su yanke waya ba. Rubutun bai faɗi haka ba. Bai kuma faɗi lissafin ranar farko ba: mutum 57,470 na sojan Ingila suka mutu ko suka yi rauni ko suka ɓace, 19,240 daga cikinsu matattu. Ba a sa ran hukumar da ke tsakiyar yaƙi ta rubuta wannan a allon silima, amma mai nazari dole ya riƙe shi a zuciya, gama majigin da ya san nauyin harsashi bai san yawan gawa ba.

To, me ya sa aka nuna gawa ko kaɗan? Nicholas Reeves ya auna ya ce kusan kashi 13 cikin 100 na tsawon majigin hoton matattu ne da masu rauni, har da na Ingilishi. Dalili ɗaya shi ne ɓoyewa ba ta da amfani. Yawancin sojojin ranar 'yan sa kai ne da aka tara gari gari, abokai da maƙwabta cikin bataliya ɗaya. Garin Accrington ya aika da tasa, mutum wajen 720 suka fita hari, 584 suka mutu ko suka yi rauni ko suka ɓace. Jaridun garuruwa suna buga sunaye shafi shafi. Majigin da ya nuna yaƙi ba jini a watan Agusta na shekarar nan da dariya za a yi masa, ko a jefe shi. Dalili na biyu kuwa na Lloyd George ne, wanda ya zama Ministan Yaƙi cikin Yuli bayan ya riƙe ma'aikatar makamai. An karanta wasiƙarsa a wurin nunin farko na manyan baƙi ran 10 ga Agusta, manufarsa kuwa ita ce ma'aikatan masana'antu su ga abin da a ke yi da harsasan da su ke ƙerawa, su ga kuma abin da sojoji ke sha, don su ƙara ƙwazo. Gawa a nan bashi ce a ke ɗora wa na gida.

Ba kowa ya karɓa ba. Hensley Henson, babban limamin majami'ar Durham, ya rubuta wa jaridar The Times yana ƙorafin an mai da baƙin cikin masu makoki abin nishaɗi. Masu amsa masa suka yi yawa, cikinsu har da waɗanda suka rasa 'ya'ya. Frances Stevenson, sakatariyar Lloyd George, wadda ƙanenta ya mutu a yaƙin, ta rubuta a littafinta na yau da kullum cewa sai da ta kalla ta fahimci irin abin da ya gani kafin ajalinsa. Wannan shaida tana da nauyi, ko da ya ke tana nuna ƙarfin majigin ne wajen cim ma bukatar hukuma: wanda ya ga wahalar ya fita da niyyar kada ta tafi a banza.

Duk da haka akwai abin da ya kuɓuce wa mai rubutun allo, kuma shi ne ya sa majigin ya rayu bayan manufarsa ta mutu. Fuskoki ne. Mutanen 1916 ba su saba da akwatin hoto ba, saboda haka kowa ya kan juyo ya dube shi. Masu maci suna ɗaga hula suna dariya, da fatan uwa ko mata za ta gane su, kuma lalle mutane sun riƙa komawa silima sau biyu sau uku suna neman nasu. Amma akwai wani wuri da dariya ta ƙare. Malins ya bi ta wani rami na ƙarƙashin ƙasa ya iske 'yan bataliyar Lancashire Fusiliers zaune a wata hanya mai kwari, a tsakanin dagar Ingila da ta Jamus, suna jiran lokaci. Suna duban akwatin ba murmushi, wani na motsa baki, wani ya ƙura ido kamar wanda ke lissafi. Ba a daɗe ba da yawansu suka faɗi a 'yan taku kaɗan daga wurin. Babu rubutun da zai iya juya wannan kallo ya zama kirari. Haka kuma wajen kamammu: rubutu na nuna kirkin sojan Ingila, a na ba Jamusawa ruwa da taba, sai ga wani sojan Ingila ya bangaje wani Bajamushe da kafaɗa yana wucewa, ba a kuwa yanke wurin ba. Kamammun nan ba dodanni ba ne, samari ne a gajiye, a tsorace, wasu na ɗauke da masu raunin Ingilishi. Mai kallo da ya zo da ƙiyayya ba lalle ya koma da ita cikakkiya ba.

Maganar shiru kuma tana bukatar tsayawa. A na jin rugugin igogin Somme har kudancin Ingila, amma a allo igwa ta kan yi tsalle ta fid da hayaƙi ba ƙara. Abin da kunne ke ji shi ne makaɗan gidan silima. J. Morton Hutcheson ya buga jerin kiɗan da ya ba da shawara a bi a mujallar The Bioscope, da yawansu kiɗan maci ne masu daɗin ji, waɗanda ke sa tafiyar sojoji ta zama kamar hawan salla. An ruwaito cewa a wani gidan makaɗa sun yi shiru daidai wurin hawowa daga rami, har aka ji ihun wata mace. Ashe majigi marar murya bai cika ba sai wani ya ara masa baki, kuma wanda ya ara bakin shi ke da rabin ma'ana. Ƙasar Hausa ta san wannan. William Sellers, jami'in lafiya a Nijeriya, ya yi amfani da majigi wajen wa'azin tsabta, sa'an nan aka ba shi shugabancin sashen majigi na ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939 don farfagandar Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga cikin hotunan sashen ba su da murya, mota ce ke kai su ƙofar fada, tafinta ya tsaya da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da su ke gani. Aikin da tafinta ya yi a dandali, shi rubutun allo da makaɗa suka yi a Landan. Malamin da zai nuna wa ɗalibai majigin Somme zai sami riba in ya nuna kashi na 3 sau biyu, sau ɗaya da rubutunsa, sau ɗaya a rufe rubutun, ya sa su faɗi abin da ido kaɗai ya tabbatar.

Hukuma ba ta sake yin irin wannan kasada ba. Majigin Ancre na Janairu 1917 ya jawo jama'a saboda tankokin yaƙi, na Arras da ya biyo baya bai yi kasuwa sosai ba, kuma gawa ta yi ta raguwa a allo. Kwamitin da Max Aitken, wanda ya zama Lord Beaverbrook, ke shugabanta ya koma ga gajerun labarai sau biyu a sati. Jamusawa sun mai da martani da nasu majigin Somme cikin Janairu 1917, wanda akasarinsa shiri ne a filin horo, ya kuma kauce wa nuna matattunsu, bai kuwa yi tasirin na Ingila ba. Janar Ludendorff ya rubuta wasiƙa ran 4 ga Yuli 1917 yana neman a haɗa ƙarfin kamfanonin majigi na Jamus, daga nan aka kafa UFA cikin Disamba. Shekarar ƙarshe ta yaƙi ta zama ta majigin ƙiyayya tsantsa, irin The Kaiser, the Beast of Berlin na Amurka, da Hearts of the World na D. W. Griffith, wanda ya je bakin daga da gayyatar hukumar Ingila amma ya ɗauki yawancin yaƙinsa a Ingila da Kalifoniya. Waɗannan ba su da wuyar ganewa, ƙaryarsu a goshi ta ke, shi ya sa ba su bukatar dogon sharhi.

Gidan Tarihin Yaƙi ya karɓi majigin Somme a 1920, UNESCO ta shigar da shi kundinta na kayan tarihin duniya a 2005, aka gyara shi aka sake nunawa a 2006 da sabon kiɗan Laura Rossi. Guntun nan na shiri kuwa ya rabu da uwarsa tuntuni, gidajen talabijin suna ta sakawa a shirye-shiryen tarihi, wani lokaci har da ƙarar bindiga da aka ɗora masa, ba tare da an ce shiri ne ba. Hoto na biyu a shahara shi ne na wani soja da ya goyo ɗan'uwansa mai rauni cikin rami, ya nufo akwatin, ya ɗaga ido ya dube shi. Rubutun allo ya ce wanda aka goyo ya cika bayan minti 30 da isowa. Wannan hoto na gaske ne, a yankin Beaumont Hamel aka ɗauka. Iyalai da dama sun rubuta wa Gidan Tarihin, kowanne na cewa mai goyon mahaifinsu ne ko kakansu, sunayen da aka kawo sun kai gommai, har yanzu kuwa ba a tabbatar da ko ɗaya ba.